Idan gwamnati ta toshe intanet, wace kotu za mu nufa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kusiri, ina sayar da atamfa da shadda, kuma rabin masu sayen kayana suna ƙetaren kogi a Injamena. Ta WhatsApp nake tura musu hoton kaya, mu yi ciniki, yaro ya ƙetara gadar Ngeli ya kai. Na ji cewa kotun ECOWAS ta ce toshe Twitter da aka yi a Najeriya ya saɓa doka. To mu nan Kamaru ko Chadi, in aka wayi gari an yanke mana intanet, wannan hukuncin zai yi mana aiki? In ba zai yi ba, ina za mu kai kuka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Abin da ka ji gaskiya ne. Najeriya ta toshe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, kuma a watan Yulin 2022 kotun ECOWAS da ke Abuja ta ce matakin ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Kafin nan ma, a Yunin 2020, ta kama Togo da laifi kan yanke intanet lokacin zanga-zangar Satumban 2017, domin babu wata doka da ta ba gwamnati wannan iko, har ta ce a biya kowane mai ƙara sefa miliyan 2. Sai dai hukuncin bai hau kanmu ba. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS. Mu 'yan CEMAC ne, wato ƙungiyar tattalin arziki ta ƙasashen Afirka ta Tsakiya, kuma kotun CEMAC, wadda ke nan Injamena kusa da kai, aikinta fassara da kare dokokin ƙungiyar ne, na kuɗi da ciniki da kwastan. Lauya na iya karanta wa alƙalinmu hukuncin Abuja don ya ja hankalinsa, amma alƙalin ba dole ne ya bi ba.

Maƙwabtanka na ƙetare sun riga sun gwada kotun gida. A ƙarshen Maris 2018, jim kaɗan bayan babban taron ƙasa da ya ba da shawarar sauya tsarin mulki, aka toshe WhatsApp da Facebook da Twitter a Chadi. Lauyoyi suka maka kamfanonin waya biyu, Airtel da Tigo, a kotu. Kotu ta kori ƙarar, aka ɗaukaka, nan ma ba ta sauya zane ba. Sai a Yulin 2019, bayan wata 16, marigayi Idriss Déby ya ba da umarnin a buɗe, ya ce dalilin tsaro ne ya sa aka rufe. Wato wanda ya kulle ƙofar shi ya buɗe ta, lokacin da ya ga dama.

A ganina kuskuren bin kamfani a fili yake, ko da yake ina fahimtar abin da ya kai lauyoyin can. Kamfani yana aiki ne da lasisin gwamnati, kuma hukumar da ke sa ido kan sadarwa na iya ƙwace lasisin. In ka kai shi ƙara zai ce umarni aka ba shi daga sama. Wanda ya ba da umarnin shi ya kamata ya tsaya gaban alƙali, kuma nan ne gizo ke saƙar.

A Kamaru, ƙarar da ta shafi matakin hukuma tana zuwa kotun gudanarwa, wadda ke da mazauni a babban birnin kowane yanki. Taka tana Marwa. Amma dokar 2006 da ta tsara waɗannan kotuna ba ta yarda ka faɗa kai tsaye ba. Sai ka fara rubuta wa hukumar da ta ɗauki matakin takardar roƙo ta janye. In ta yi shiru wata 3, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙi, sannan kana da kwana 60 ka shigar da ƙara. Yanzu ka auna wannan da abin da ya faru a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma masu magana da Ingilishi: an yanke musu intanet ranar 17 ga Janairun 2017, aka mayar ranar 20 ga Afrilu. Wanda ya rubuta takardar roƙonsa a ranar farko ma, kafin ya samu damar ganin alƙali an kusa mayarwa, asarar kuwa ta riga ta auku. Akwai hanyar roƙon alƙali ya dakatar da mataki kafin a gama shari'a, to amma ita dokar ta cire matakan da suka shafi tsaro da zaman lafiyar jama'a, kuma ba a taɓa yanke intanet an ce don nishaɗi aka yi ba.

Wata matsalar ta fi wannan ci mini tuwo a ƙwarya. Alƙalin gudanarwa yana soke takarda ce mai lamba da kwanan wata da sa hannu. Umarnin toshe intanet kuwa sau da yawa ba a buga shi a ko'ina. Ka tambayi kamfani ya ce matsalar na'ura ce, ka tambayi ma'aikata a ce ana bincike. Lauya ya kan ɓata makonni yana neman abin da zai ƙalubalanta.

Majalisar Tsarin Mulki ta Kamaru kuma, mai duba ko doka ta dace da tsarin mulki, ba ta talaka ba ce. Tsarin mulkin 1996 ya tanade ta, ba a naɗa mambobinta ba sai 2018, kuma in ba rikicin zaɓe ba, masu iya kai mata magana su ne shugaban ƙasa, shugabannin majalisu biyu, kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa, ko shugabannin yankuna kan abin da ya shafi yankinsu. Kotun Afirka da ke Arusha ma ba ta karɓar ƙara kai tsaye daga ɗan Kamaru ko ɗan Chadi, domin ƙasashen biyu ba su sa hannu kan sanarwar da ke ba da wannan dama ba. Abin da ya rage shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka a Banjul, da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a Janiba. Suna saurare, bayan ka bi kotunan gida ka gaji, amma abin da suke fitarwa gwamnati na iya sa shi a aljihu ta yi shiru.

Ban ce kada a kai ƙara ba. Ƙarar Togo ƙungiyoyi ne da wata 'yar jarida suka haɗu suka kai, hukuncin kuma bai fito ba sai kusan shekara 3 bayan yankewar. Kai kaɗai da kuɗin shagonka ba za ka iya wannan ba, amma ƙungiyar 'yan kasuwarku za ta iya. In abin ya faru, ku nemi mai sanda na kotu ya rubuta shaidar cewa layi ya mutu, rana kaza, ƙarfe kaza, a kan kamfani kaza. Ku adana saƙon da kamfani ya turo, da littafin ciniki na kafin yankewa da na bayanta, domin diyya sai da hujjar asara. Takardar roƙon kuma a shigar da ita cikin makon farko, a karɓi kwafi mai hatimi.