Me Ya Sa Ake Buga Wasannin Ƙarshe Na Rukuni Lokaci Guda?

Tambaya: Malam, a gasar cin kofin duniya na lura ana buga wasanni biyun ƙarshe na kowane rukuni a lokaci ɗaya, dole mutum ya haƙura da kallon ɗaya. Mene ne dalili?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan doka Aljeriya ce ta saye ta da hawayenta a gasar 1982 a Sifaniya.

Aljeriya ta fara da doke Jamus ta Yamma 2-1, Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi suka ci mata. Austriya ta ci ta 2-0, sannan Aljeriya ta doke Chile 3-2 ranar 24 ga Yuni, ta gama nata. Washegari Jamus da Austriya suka shiga fili a garin Gijon, kowa da lissafinsa a hannu: in Jamus ta yi nasara da ƙwallo ɗaya ko biyu, su biyun sun wuce, Aljeriya ta kama hanyar gida.

Wajen minti goma da take wasa ɗan wasan Jamus Horst Hrubesch ya zura ƙwallo, kuma daga nan wasa ya mutu. Aka koma miƙa wa juna ƙwallo a tsakiyar fili, ana mayar wa mai tsaron gida, 'yan kallo na ihu, magoya bayan Aljeriya na ɗaga takardun kuɗi sama. Ƙasashen uku suka ƙare da maki huɗu-huɗu, bambancin ƙwallaye ya fitar da Aljeriya. Abin da ke min ciwo har yau shi ne 3-0 'yan Aljeriya suke cin Chile kafin hutun rabin lokaci. Da sun riƙe hakan, cin 1-0 da aka yi wa Austriya da ita zai fitar.

Aljeriya ta kai ƙara, FIFA ta ce ba a karya doka ba. Amma daga gasar 1986 a Meziko aka koma buga wasannin ƙarshe tare, don kada wani ya shiga fili da sanin sakamakon da ke wadatar da shi.

Maganin bai gama aiki ba, tunda labari na isa benci nan take. A 2018 Japan na shan kashi 1-0 a hannun Poland, da ta ji Kolombiya na cin Senegal sai ta daina kai hari, ta yi ta juya ƙwallo a baya har aka tashi. Maki da ƙwallayen Japan da na Senegal suka zo daidai, aka fitar da Senegal saboda katin gargaɗi shida, Japan na da huɗu.