Sayar da Tsakar Ado a Katsina: Nawa Zan Ware wa Ɗumi da Haske?

Wani ɗan kasuwa da ke sayar da tsuntsaye da kifin ado a birnin Katsina ya rubuto mini cewa wani abokin cinikinsa na Legas ya yi masa tayin tsakar ado guda 10, irin mai zanen damisa, wadda wasu masu sha'awa a Kano da Abuja suke tambaya. Tambayarsa ita ce, tunda Allah ya hore mana rana a garin nan, shin ya zama dole ya kashe kuɗi kan fitilu da kayan ɗumama akwatunan, ko kuwa ya zuba jarin gaba ɗaya a kan dabbobin?

Alhaji, na gode da ka tambaya kafin ka biya. Shawarata ita ce kada ka sayi dabbobin sai ka fara mallakar hanyar daidaita zafin akwatunan, domin zafin ranar da kake ganin zai rage maka kashe kuɗi shi ne zai iya cinye maka jarin.

Ita wannan tsaka asalinta busassun yankunan Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ne, kuma jikinta ba ya samar da ɗumin kansa. Da rana tana lafewa a ƙarƙashin duwatsu, sai da almuru ta fito ta kwanta a kan ƙasar da ta sha rana, kuma da wannan ɗumin take narkar da abinci. Saboda haka akwatinta yana bukatar ɓangare biyu. A gefe ɗaya ƙasan ya kai digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 26, ita da kanta za ta riƙa zaɓar inda ya yi mata. Yanzu ka tuna da shagonka mai rufin kwano da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin gari yake haura digiri 40, ruwan buta ma ya zama kamar an ɗora shi a wuta. A irin wannan ɗaki babu sauran gefe mai sanyi, dabbar ba ta da wurin gudu, kuma a wuni guda kana iya buɗe akwati ka tarar da ita a miƙe. Da hunturu kuma lamarin yana juyewa, domin a daren Disamba da Janairu sanyi yakan sauko ƙasa da digiri 15, sai ta daina cin abinci, wutsiyarta da take tara kitse ta tsotse, mai saye kuwa wutsiyar yake fara dubawa.

Don haka kuɗinka na farko ya tafi kan wuri. Ka samo ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ko aƙalla ɗaki mai silin da rana ba ta dukansa da yamma, ka ajiye akwatunan kusa da ƙasa, nesa da taga. Bayan wuri sai shimfiɗar ɗumi ta lantarki, wadda ake mannawa a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, tare da na'urar daidaita zafi da ke kashe ta idan ta kai inda aka saita. A nan ne nake roƙonka kada ka yi tsumulmula. Shimfiɗar da ba ta da wannan na'ura tana iya ƙona cikin dabbar tana kwance, haka ma duwatsun ɗumi masu amfani da lantarki da wasu dillalai suke tallatawa, waɗanda ban yarda ka shigo da ko ɗaya shagonka ba. Ka kuma duba jikin kowane kaya kafin ka biya, domin wutarmu ta bolt 230 ce, kayan da aka ƙera don Amurka kuwa na 120 ne, kana jona su za su ƙone.

Lissafin wutar ba mai tayar da hankali ba ne. Ƙaramar shimfiɗa tana cin kamar wat 10, guda 10 sun zama wat 100, idan suka yi awa 12 suna aiki sun ci yunit 1.2 ke nan, kuma galibi ba su kaiwa haka tunda na'urar tana kashe su lokaci zuwa lokaci. Matsalar ita ce a ɗauke wuta da tsakar dare cikin sanyi, shi ya sa nake ganin ƙaramar sola da batir mai kyau sun fi janareto, wanda hayaƙinsa da kuɗin mansa za su dame ka kai da tsuntsayenka.

Batun haske ya fi sauƙi. Tsakar tana bukatar kimanin awa 12 na haske da awa 12 na duhu, kuma kada a bar mata fitila da dare, ko da ja ce. Siririyar fitilar UVB mai rauni, wato mai fitar da wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani, tana taimaka wa jikinta ya samar da bitamin D3, wanda da shi ne kalsiyam yake shiga ƙashi. Idan aka rasa su, muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, kuma irin wannan dabba ba ta sayuwa. Hasken UVB ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye akwati a bakin taga ba ya maye gurbinsa, zafi kawai zai tara a ciki. Fitilar kuma ƙarfinta yana raguwa tana ci gaba da haskawa, ana canza ta bayan wata 6 zuwa 12, sai ka sa wannan cikin kuɗin da ke fita duk shekara, tare da garin kalsiyam da ake barbaɗa wa gyaren da take ci.

Idan abokin naka ya haɗa maka da wata irin tsaka mai tukku ta tsibirin Sabuwar Kaledoniya, ka ba shi haƙuri, domin ita zafin da ya kai digiri 30 ma yana galabaitar da ita, kuma riƙe ta a Katsina sai da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana.

Akwai kuma abin da ba zan ɓoye maka ba. Mutanenmu suna ƙyamar tsaka, kuma akwai hadisai a kan tsakar gida, don haka ka zauna da malaminka ka ji matsayin wannan ciniki tun kafin kuɗi ya fita daga hannunka. Ko da ka samu natsuwa, masu sayenta kaɗan ne, kana iya riƙe guda ɗaya wata da watanni kana ciyarwa. Abin da ya fi tafiya shi ne kayan da kansu, domin dabba ce da ke iya kai shekara 15 zuwa 20, kuma duk wanda ya saya zai riƙa dawowa neman fitila da kalsiyam da gyare. Saboda haka ka sayar da ita haɗe da akwati da shimfiɗa da na'urar a farashi ɗaya, kada ka yarda wani ya tafi da ita a kwali.

Kafin ka amsa wa mutumin Legas, sayi ma'aunin zafi guda biyu, ka haɗa akwati ɗaya babu dabba a ciki, ka rubuta abin da suka nuna da asuba da azahar da bayan isha'i har tsawon mako biyu. Idan alkaluman sun zauna inda na faɗa maka, ka fara da guda 3 waɗanda ka riga ka karɓi kafin alƙalami a kansu, sauran 7 kuma su jira har ka ga yadda bazara ta wuce da waɗannan.