Kan tambayar gane sunan salon rubutu daga hoto

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, da na ga tambayar nan taka, wai kwastoma ya turo maka hoton tsohon katinshi yac ce irin wanga rubutun shike so kuma kai ba ka san sunanshi ba, wallahi sai da gabana ya faɗi, don abin da ya taɓa cin kuɗina ke nan.

Shekarun baya wata Islamiyya nan wajen Mabera sunka ba ni aikin satifiket na ɗaliban da za su yi sauka. Shugaban makarantar dattijo ne, ya kawo min na bara cikin leda, yac ce ɗana, irin wanga nike so, kada ka canza ko ɗigo, don iyaye na jera na 'ya'yansu ga bango. Wanda ya yi musu na farko kuwa tsohon ogana ne, gare shi na koyi CorelDRAW, manhajar zane ta kwamfuta, shekara biyu ina share mishi shago ina tada janareto. Na kira shi sau huɗu bai ɗauka ba. Na hau mashin cikin zafin watan huɗu na tahi shagon, na iske shi zaune shina shan lemu, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, na ce Oga sunan rubutun kawai nike so. Ya dube ni yac ce tunda na buɗe nawa shago ai na gama sanin komi. Gaban yaranshi. Daga baya ya turo min fayil ɗin, na yi ta murna, ina buɗewa na ga ya riga ya danna Ctrl+Q, rubutun duk ya koma zane, babu suna babu komi. Da gangan ya yi, ya san abin da ya yi. Har yau in na wuce ta layin nan raina sai ya sosu, mutumen da na ɗauka kamar uba.

Sai na yi kirdado na ɗauki wani mai kama da shi na buga. Ranar da na kai, dattijon ya sa tabarau ya aje tsohon da sabon gefe da gefe kan tabarma, ya ɗora yatsa kan kalmar Alƙur'ani. Ƙ ɗin ta fito siririya daban da sauran, don salon da na ɗauka ba shi da haruffanmu masu ƙugiya, kwamfuta ta aro daga wani wuri ni ban lura ba. Bai yi min faɗa ba, cewa kawai ya yi sunan littafin Allah ne. Na sake bugawa da kuɗina, kati mai kauri, ribar watan duk ta tahi.

To ka fara da WhatTheFont na MyFonts, manhajar gane salon rubutu daga hoto, akwai shi ga waya, ka sa hoton ya karanta ya jero maka masu kama. Amma ka sani mafi yawan abin da zai nuna maka na sayarwa ne da dala. Ni WhatFontIs na fi so, shina bari ka rarraba haruffan ka rubuta ƙarƙashin kowane ka ce wanga a ne wanga g ne, kuma kana iya cewa na kyauta kaɗai ya nuna maka. Akwai Matcherator na Font Squirrel ma. In kana da Photoshop na 2016 zuwa sama shiga Type ka danna Match Font, har cikin waɗanda ke kwamfutarka zai duba, sau da yawa abin na nan gare ka ba ka sani ba.

Amma duk waɗannan ba su aiki in hoton bai da kyau, nan ne mutane ke gajiya su ce ƙarya ce. Don Allah ka ce ma kwastoma ya turo shi a matsayin fayil ta WhatsApp, in ya turo shi a hoto matse shi ake yi ya dushe. Ka yanke layi guda kawai, ka miƙe shi, ka maida shi baƙi kan fari, ka cire inuwa da zanen gefe. Mu nan kuma muna da ɗabi'ar ja ma rubutu tsawo don ya cika bana ta talla, in anka ja shi haka sai ka matse shi ya koma daidai kafin ka sa. Ka nemi kalma mai a, g, R ko y, su ke tona asiri. Ko salon Arial da Helvetica da mutane ke cewa ɗaya ne, dubi kan t, na Arial a karkace anka yanke shi, na Helvetica a miƙe.

Kuma tambaye shi ko akwai PDF. In akwai, buɗe da Acrobat ka danna Ctrl+D ka shiga Fonts, sunayen na nan jere, sai in an maida su zane irin yadda anka yi min. In ga shafin intanet ka gani, wanga ya fi sauƙi, danna dama kan rubutun a Chrome, Inspect, Computed, ka gangara can ƙasa wajen Rendered Fonts, ko ka sa WhatFont, ƙaramar manhajar da ake ƙara ma Chrome, ka aza linzami kan rubutun kawai.

Yara masu koyo, don Allah in kun ba wani aiki ku aje kwafi guda da ba a maida zane ba, ku rubuta sunan rubutun gefe. Kuma mu da munka ɗan jima cikin sana'ar nan mu bar ɓoye ma na baya irin wanga abu, ni duk yaron da ya tambaye ni faɗa mishi nike yi.

Ko ka gano sunan kada ka buga sai ka rubuta ɓ ɗ ƙ ƴ manya da ƙanana ka ƙara girmansu ka duba da idonka. Salon Noto Sans, Charis SIL da Andika duk suna da su kuma kyauta ne. In Larabci ne ko ajami kuwa kada ka ƙona datarka, manhajojin nan boko sunka fi ganewa, gara ka tambayi mutane. Na ajami irin rubutun allo nemi salon Alkalami na SIL.

Turo hoton nan a fayil, in Allah ya so bayan isha'i in an kawo wuta zan zauna in duba maka.