Tambaya da Amsa: Bodin wace shekara zan ɗora, kuma casis ɗin zai iya ɗauka?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina haɗa motar shiga daji a kan casis ɗin Land Cruiser 80. Injin dizal ne kuma lafiyarsa lau, amma tsatsa ta cinye bodin. An samo min bodi biyu, na 1992 da na 1996, wani kuma yana cewa in nemi na samfurin 100 don ya fi faɗi. Na nemi nauyin bodin kowace shekara na rasa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne zan ƙara bamba ta ƙarfe, injin jan mota, tanki na biyu da kariya, wato abin ɗora kaya, a sama, ga shi iyalina za su riƙa shiga. Mai yi min aikin ya ce kada in damu, zai sa sifirin mai kauri, motar za ta ɗauki komai. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ba haka ba ne, kuma gara da abin ya tsaya maka a rai tun ba a ɗaure noti ko ɗaya ba.

Mu fara da abin da ka nema ka rasa. Kamfanonin mota ba su saba wallafa nauyin bodi shi kaɗai ba. Abin da suke bayarwa shi ne nauyin mota cikakkiya babu kaya, da iyakar nauyin da aka yarda ta kai idan an loda ta. Ko wannan na farkon ba a auna shi iri ɗaya: ƙa'idar Tarayyar Turai tana haɗawa da direba mai kilo 75 da tanki cike kashi 90 cikin ɗari, wasu kuma ba sa sa direba. Na Amurka da fam suke lissafi, fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Mai kwafo lambobi daga intanet yana jerawa shekara-shekara, sau da yawa abubuwa daban-daban yake gwadawa bai sani ba.

An ƙera samfurin 80 daga 1990 zuwa 1997, kuma ƙwaryar bodin ba ta sauya wani abin kirki ba a tsawon wannan lokaci. Bambancin yana cikin abin da aka lafta mata: kujerun sahu na uku, tagar rufi, na'urar sanyi ta baya, abin danne ƙara a ƙarƙashin kafet, ƙofar baya mai buɗewa gefe-gefe ko mai buɗewa sama da ƙasa. Saboda haka bodin 1992 mai cikakken kaya zai iya fin na 1996 marar kaya nauyi. Wahalar da za ka sha da na 1996 ta wayarin ce, domin a 1995 an sauya dashbod, wasu kasuwanni kuma sun samu jakar iska. Ɗauki wanda ya fi kusa da shekarar casis ɗinka, in dai ƙasansa da wuraren ɗaure shi ba su ruɓe ba.

Babban tsalle a nauyi yana zuwa ne idan an sauya samfuri, kuma ba kullum sama yake yi ba. Samfurin 100 ya fi 80 girma da nauyi, 200 ya fi 100, amma da 300 ya fito a 2021 Toyota ta ce ta rage kusan kilo 200, har da amfani da alminiyam a bonet da rufi da ƙofofi. Ford ma ta yi haka da F-150 a 2015, ta ce ta zubar da har fam 700. Game da bodin 100, gaskiya ne Toyota da kanta ta yi samfurin 105, wato bodin 100 a kan ƙafafun da aka gada daga 80. To amma kamfani ne ya yi da lissafinsa da gwajinsa. Kai yanka da walda za ka shiga, ka ƙara nauyi, ka sayi faɗin da ba ka buƙata. Ni dai da ni ne, da na bar shi.

Yanzu maganar sifirin, wadda na gaji da jinta. Kusan kullum sai wani ya zo da mota an ɗaga ta, tana tsaye ƙyam, yana alfahari an ce masa yanzu ko tan guda ya ɗora ba za ta durƙusa ba. Ƙwarai, ba za ta durƙusa ba. Durƙusawar nan kuwa ita ce kaɗai alamar da ido ke gani cewa lodi ya yi yawa, kuma ita aka toshe. Sabon akumari ba ya mai da jaki raƙumi. Sifirin ɗaya ne daga cikin abubuwan da aka duba kafin a buga iyakar nauyi a farantin da ke jikin motar. Sauran suna nan yadda suke: birki, boris ɗin ƙafa, aksul (ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu), casis, taya. Wanne daga ciki mai aikinka ya ce zai taɓa?

Ɗauki birki. Duk kilon da ka ƙara, zafi ne da birki zai sha. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba za ka lura ba. Sai ranar da kake gangaro dutse mai tsawo, ƙafarka a kan birki, faifan ya yi zafi, man birkin ya tafasa, ka taka ka ji feda ta tafi ƙasa babu komai. Ka kuma duba shekarar casis ɗinka da kyau, domin motocin farko na samfurin 80 sun zo da birki ƙarami, daga baya aka ƙara masa girma. Ga manyan tayoyin da kowa ke so, su ma suna rage wa birki ƙarfi, saboda sun nisanta ƙasa daga tsakiyar ƙafa.

Sannan inda aka ajiye nauyi yana da lissafinsa. Tazarar ƙafar gaba da ta baya a motarka mita 2.85 ce. Idan ka rataya kilo 100, misali safaya taya da jarkoki, mita guda a bayan aksul na baya, aksul ɗin kilo 135 zai ji, gaba kuma ya yi sauƙi da kilo 35. Sitiyari ya fara yawo ke nan. Mota za ta iya zama ƙasa da iyakarta gaba ɗaya alhali aksul na baya ya wuce tasa iyakar. Kariyar sama ta fi wannan muni. An ɗaga mota, an ɗora tanti da mai a rufi, sai a bi gefen tudu ko a kauce wa rami da gudu. Mota mai tsayi ba ta yin gargaɗi kafin ta kife, kuma sifirin mai tauri yana rage lanƙwasar da ke barin tayoyi huɗu su zauna a ƙasa a hanya mai gargada.

Taya ma akwai lamba a gefenta da mutane ba sa karantawa. Lamba 112 tana nufin kilo 1,120, lamba 121 kuma kilo 1,450, kuma wannan idan iska ta cika ne. Da ka sassauta iska don shiga yashi, ƙarfin ɗaukarta ya ragu.

Ana iya ƙara iyakar nauyin mota ta hanyar da ta dace. A Ostareliya sana'a ce mai ƙa'ida: injiniya mai lasisi ne ke tantance aikin, a sa wa motar sabuwar shaida. Wanda ya kalli mota da ido ya ce "za ta ɗauka" bai yi ko ɗaya daga wannan ba, kuma ba shi zai zauna a kujerar baya ba, 'ya'yanka ne.

Ka yi lissafin da kanka. Mutum biyar a kilo 75 kowanne, kilo 375. Ƙarin dizal lita 100, wajen kilo 84, ban da tankin kansa. Ruwa lita 60, kilo 60. Ka haura kilo 500 ba ka sa bamba ba, ba ka sa injin ja ba, ba jak, ba kayan aiki. Injin jan ma da nauyin motar a lode ake zaɓarsa, yawanci ninki ɗaya da rabi, don haka duk nauyin da ka ƙara yana kiran inji mafi girma, wanda shi ma nauyi ne a kan hancin motar.

Kai casis ɗin sikelin manyan motoci kafin a ɗora bodi, ka sake kai shi bayan an ɗora. Bambancin shi ne nauyin bodin da kake nema. Idan an gama haɗawa, ka cika tankuna, ka loda duk abin da za ka tafi da shi, mutane su shiga, a auna sau uku: motar gaba ɗaya, ƙafar gaba kaɗai, ƙafar baya kaɗai. Gwada da iyakokin da ke farantin motar ko littafinta. Idan ka wuce, kariyar sama za ka fara cirewa, sai bambar baya. Bayan an san nauyin kowane aksul ne ake zaɓen sifirin da shokazoba.