Jihar Oregon a Amurka ta halatta silosaibin, amma mai girin kad ya dakata tukuna

Tambaya: Barista, shekarata huɗu a Portland da girin kad, baɗi nake son neman zama ɗan ƙasa. Ciwon damuwa ya hana ni sakat, na sha magani iri biyu babu sauƙi. An ce mini a nan Oregon akwai wuraren da gwamnati ta ba lasisi, ana ba mutum laimar kwaɗi mai silosaibin, wani sinadari mai juya tunani da gani, a zauna tare da shi. Yaya ake auna ta, kuma in na je doka za ta taɓa ni?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka, kuma rabin da ya bari shi ne ya fi shafar ka.

A Nuwamba 2020 mutanen Oregon suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da dokar da ake kira Measure 109, cibiyoyin farko masu lasisi kuma suka buɗe a 2023 ƙarƙashin hukumar lafiya ta jihar. Duk wanda ya kai shekara 21 yana iya zuwa, ba a neman takardar likita.

Batun awo, a nan mutane suka fi kuskure. A titi ana lissafi da giram na busasshiyar laima, ita doka ba ruwanta da wannan. Giram ɗaya na iya ɗauke da miligiram 5 na silosaibin, wani ya ɗauki 10 ko fiye, ko da irinsu ɗaya. Shi ya sa sai ɗakin gwaji mai lasisi ya auna kowane kaso da aka noma, a rubuta adadin miligiram a jikin ƙunshin da aka liƙe. Iri ɗaya kawai aka yarda a noma, Psilocybe cubensis, kuma ta baki kaɗai ake sha: busasshiya, ko gari a kafso, ko a jiƙa kamar shayi. Iyakar abin da za a ba mutum a zama ɗaya miligiram 50 ne, ko a sha lokaci guda ko a raba shi biyu. Don ka gane girman wannan adadi, babban gwajin da aka buga a mujallar likitoci ta New England a Nuwamba 2022, kan mutum 233 da ciwon damuwarsu ya ƙi jin magani, miligiram 25 ne mafi yawan abin da aka ba su.

Kafin ranar sha akwai zaman shiri da mai rakiya, wato wanda zai zauna tare da kai yana kula da kai, a cike takardar tarihin lafiya, ka sa hannu a takardar amincewa. Wanda ya sha lithium, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, cikin kwana 30 da suka wuce, ko yake tunanin cutar da kansa ko wani, ko yake fama da taɓin hankali irin na gushewar tunani, ba a karɓar sa. Ranar sha za ka kishingiɗa a ɗaki, da bargo, da ƙyallen rufe ido, mai rakiya na zaune gefe. Yawan abin da ka sha ne ke yanke awannin da dole ka yi a wurin, mafi girman awo sai ka cika awa shida. Ba ka tuƙa mota bayan haka, tun farko za ka rubuta wanda zai mai da kai gida, kuma ko ƙwayar gari ba ta fita daga cibiyar. A matsayina na lauya ina so ka lura da abu biyu: doka ba ta ce mai rakiya ya zama likita ba, horo na musamman da lasisin jiha sun ishe shi, sannan inshorar lafiya ba ta biya, daga aljihunka ne, sau da yawa sama da dala dubu.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lasisin nan na jiha ne. Dokar tarayya ta 1970 kan miyagun ƙwayoyi har yau ta ajiye silosaibin a rukuni na ɗaya, layi ɗaya da LSD da heroyin, inda tabar wiwi ma ta shiga tun asali, kuma riƙe ta kaɗai laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara ɗaya. Jami'an tarayya ba su cika bin ƙofar cibiyoyin suna kama mutane ba, don haka maƙwabcinka Ba'amurke zai je ya dawo lafiya lau. Kai takardarka a hannun tarayya take, jihar Oregon ba ta da ta cewa a kanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ba sai an kama ka ko kotu ta yanke maka hukunci ba. Sashe na 212 na dokar shige da fice ya ce wanda ya amsa da bakinsa cewa ya karya dokar ƙwayoyi yana iya rasa izinin shiga ƙasar. Fom ɗin N-400 da za ka cike baɗi yana tambaya ko ka taɓa aikata laifin da ba a kama ka a kai ba. Ranar ganawa jami'i zai sa ka ɗaga hannun dama ka yi rantsuwa, ya bi fom ɗin layi-layi yana kallon fuskarka. Ka ce e, an samu hujjar cewa ba ka cika sharaɗin kyakkyawan hali na shekara biyar ba. Ka ce a'a, ka yi ƙarya bisa rantsuwa, wadda ke iya jawo a ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa ko bayan shekaru. Gaba kura, baya sayaki. Kuma wannan ba hasashena ba ne: a Afrilu 2019 hukumar USCIS, mai ba da shaidar zama ɗan ƙasa, ta fito fili ta ce wiwi, ko jiha ta halatta ta, tana iya hana mutum zama ɗan ƙasa. Ɗan sassaucin da doka ta yi wa wanda aka samu da wiwi da ba ta wuce giram 30 ba bai shafi silosaibin ba. Haka nan in ka je gida ganin iyaye, a filin jirgi wajen dawowa ana iya shigar da kai ƙaramin ɗaki a yi maka tambayoyi, a duba wayarka, ga rasit ɗin cibiya a imel.

Shawarata kai tsaye: kada ka je yanzu. Ban faɗi haka don na raina ciwonka ba, akwai hanyoyin da ba sa taɓa takardarka. Ka koma wurin likitan ƙwaƙwalwa ka faɗa masa magani biyu sun gaza, domin wannan ne ma'aunin da suke kira ciwon da ya ƙi jin magani. Tun Maris 2019 hukumar FDA, mai kula da ingancin magunguna a Amurka, ta amince da esketamine, feshin hanci mai suna Spravato, ana yin sa a asibiti, halal ne a dokar tarayya, inshora kuma takan biya. Akwai kuma TMS, motsa ƙwaƙwalwa da maganaɗisu. In silosaibin ɗin kake so lallai, ƙofa ɗaya ce tarayya ta buɗe: gwajin bincike da FDA ta amince da shi, inda masu binciken ke da rajistar hukumar DEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Wanda aka ba a can bai karya doka ba, sai dai su ke zaɓar awo, ana ma iya ba ka na bogi ba ka sani ba. Ko kuma ka jira sai ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa. Laifin tarayya yana nan ko a lokacin, amma barazanar kora ta kau. Hukuncinta a addini kuwa na malamai ne, ka tambaye su, ba fagena ba ne.

Kada kuma wani ya ce ka aika ko ka tafi da ita Najeriya. Sashe na 11 na dokar NDLEA ya tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da hodar ibilis, LSD, heroyin ko makamantansu, rasit ɗin Oregon ba zai yi maka amfanin komai ba a Babbar Kotun Tarayya.

In ka riga ka je ka sha kafin ka rubuto mini, kada ka miƙa N-400, kada ka fita daga Amurka, kada ka rubuta labarin a Facebook, sai ka zauna da lauyan shige da fice mai lasisi a can ka ba shi ranar da adadin miligiram ɗin. Abin da ka faɗa wa lauyanka sirri ne da doka ta kare. In kuma damuwar ta kai ka ga tunanin hallaka kanka, ka bar batun takarda gaba ɗaya, ka kira 988, layin agajin gaggawa ga masu irin wannan tunani, a daren nan, ka kuma faɗa wa wani naka da ke kusa.