Mayen ƙarfe ko maganaɗisu? Amsa kan na'urar zaro bututu daga rijiyar mai

Wata 'yar'uwa mai aikin fassara ta aiko min da tambaya, ta ce Malam an ba ta takarda kan wasu na'urori masu aiki da ƙarfin lantarki da maganaɗisu da ake amfani da su wajen fitar da bututun ƙarfe daga rijiyar mai, kuma kalmomi uku sun tsaya mata a wuya: sunan bututun, sunan na'urar, sai kuma aikatau ɗin, cirewa za ta ce ko me.

To 'yar'uwa bari mu fara da bututun. Idan aka haƙa rijiyar mai ba a barin ramin haka tsirara, ana zura bututun ƙarfe gaɓa-gaɓa ana ɗaura wannan a kan wancan, kowace gaɓa wajen mita 12, sannan a tura siminti ya cika tsakanin bututun da jikin dutse don kada ramin ya rufta kuma kada mai ko iskar gas su bi ta gefe su gauraya da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Kesin masu haƙa suke ce wa bututun nan, kuma ni ba na faɗa da kalmar aro in ta riga ta zauna a bakin masu sana'a. Amma mai karatun da bai taɓa zuwa wurin haƙa ba bai san kesin ba, shi ya sa a karon farko ki rubuta bututun da ke tallafe bangon rijiya, daga nan ki ci gaba da kesin abinki. Kar dai ki ce bututun mai, wannan a kunnen Bahaushe na kwance ne da ke kai mai daga wuri zuwa wuri.

Aikatau kuwa nan ne na fi jin daɗin tambayarki. Cire ta yi faɗi da yawa, ana cire hula ana cire ƙaya ana cire mutum daga muƙami. Tumɓuke kuma ta shuka ce mai saiwa, akwai ƙarfin tsiya a cikinta da watsewar ƙasa. Kalmar da ta hau daidai ita ce zare, wadda muke faɗa in dogon abu zai fito daga wurin da ya shige cif, kamar zare takobi daga kube, kuma tunda sama ake jawo shi wajen mai aikin sai ki ce zaro. An zaro kesin. Da jin haka mutum ya ga tsawon abin ya ga matsin ramin ba sai an yi masa bayani ba.

Sai sunan na'urar. Muna da kalmomi biyu, maganaɗisu da mayen ƙarfe. Ta farko daga Larabci muka aro ta, su kuma Larabawa daga Girkanci, inda asalinta dutsen Magnesiya, wani yanki da aka jingina wa dutsen nan mai jan ƙarfe. Ta biyun ƙirarmu ce ta gida kuma tana da kyau ƙwarai, da alama wanda ya fara faɗarta ya ga abin da ke kama ƙarfe ba hannu ba igiya sai ya tuna maye da aka ce yana kama kurwa. Sai dai a aikinki akwai bambancin da dole ki kiyaye. Mayen ƙarfe in ya kama ya kama kenan, sai an ɓamɓare. Na lantarki kuwa waya ce aka naɗe a jikin ƙarfe, in wuta na bi ta wayar ya ja, in aka kashe ya saki. A 1820 ne Hans Christian Ørsted a Danmak ya lura wutar da ke bin waya tana karkata allurar kamfas, na'urar nan mai nuna arewa, a 1825 kuma William Sturgeon a Ingila ya nuna wani ɗan lanƙwasasshen ƙarfe mai nauyin giram 200 ko kusa da haka da ya ɗaga kilo 4 da aka ba shi wuta. Wannan sakin da yake yi in an so shi ne ya sa na ce ki bar wa na dindindin sunan mayen ƙarfe, wannan ki kira shi maganaɗisun lantarki.

Kuma ki kula kar fassararki ta sa mai karatu ya zaci ana zura maganaɗisu ne kawai ya tsotso bututun kamar allura. Kesin mai faɗin inci 9 da 5/8, irin wanda aka saba da shi, mita ɗaya na iya kai kilo 70, kin ga mita 1000 tan 70 kenan, ga siminti ya riƙe shi, ga taɓon haƙa, wato ruwa mai kauri da ake turawa cikin ramin lokacin haƙa, da ya yi shekaru a bayansa har barait, garin dutse mai nauyi da ke cikinsa, ya kwanta ya daskare. Yadda aka saba, yanka shi ake yi a can ƙasa, a zura wani ƙarfe mai haƙora ya cije shi ta ciki, injin sama ya ja. Babban amfanin maganaɗisun lantarki a nan shi ne gani a inda ido bai kai. Na'urar tana aika ƙarfin maganaɗisu ya ratsa jikin bututun ta karanta yadda ya dawo, ta haka ake sanin kaurin ƙarfen da inda tsatsa ta ci da inda gaɓoɓi suka haɗu don kar a sa wuƙa a kan mahaɗa mai kauri. Akwai ma wadda ake fara shafa wa bututun maganaɗisu da ita, sai a ja shi daga sama, a sake aunawa, duk inda ƙarfen ya ɗan miƙe alamar ta canza, inda bai motsa ba tana nan yadda take, to nan ne ya maƙale, sai a yanka sama da wurin.

Wani ɗalibin injiniyanci kuma ya tambaya, ya ce Turawa in wani abu ya faɗa rijiyar mai kifi suke ce masa, fito da shi kuma kamun kifi, ko ya fassara haka. A'a ɗana, in ka rubuta ana kamun kifi a rijiyar mai mai karatu zai tsaya yana mamaki. Muna da ƙugiya, ita ake kama kifi da ita kuma ita ake jefawa a lalubo guga in ya tsinke ya faɗa rijiya, kalma ɗaya ta ɗauki ma'ana biyun. Ka ce an jefa ƙugiya, ko ana laluben abin da ya faɗa. A nan ne ma mayen ƙarfe ke aikinsa na ainihi, shi ake zurawa ya kwaso gutsattsarin ƙarfe da ɓarɓashin da yankan ya bari.

Shi ɗalibin dai ya ƙara da cewa yana so ya sa karin maganar nan, rijiya ta ba da ruwa guga ya hana, a kan bututun da ya ƙi fitowa. Ba ta hau ba. Ana faɗarta ne in mai abu ya yarda ya bayar sai ɗan aike ko na tsakiya ya tare, laifin na guga ne, alhali a naka rijiyar ce da kanta ta riƙe. In dole sai ka sa karin magana ɗauki da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, wato a yi abu a kan lokacinsa kafin ya yi wuya, don rijiyar da ta daina ba da mai in aka bar ta shekara da shekaru ba a toshe ta ba, taɓon bayan kesin ƙara kwanciya yake yi tsatsa na ƙara cin ƙarfen, wanda da za a zaro shi da dogon yanki sai a koma yanka shi guntu-guntu ana jawowa.