Hukuncin Shiga Haikalan Gumaka da Ziyartar Hubbarori a Ƙasashen Asiya

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya. A tafiyata ta baya, mutumin da nake saye a wurinsa ya ce zai zaga da ni gari, ya kai ni wani tsohon wurin bautar mabiya Buddha mai doguwar hasumiya, ana kiransa Liurong. A farfajiyar ya miƙo mini turaren tsinke guda uku a kunne, na karɓa saboda kunya. Na ga ya soka nasa cikin wani babban kasko mai toka, ni ma na soka nawa, a zatona al'adar karɓar baƙo ce. Sai da muka shiga ciki na ga mutane na ɗaga turaren a goshi suna rusunawa gaban gumaka, nan gabana ya faɗi. Tun da na dawo abin ya hana ni sukuni. Malam, ina matsayin Musuluncina? Sannan iyalina suna so mu je hutu Malesiya da Indiya, yara sai maganar kogon Batu da Taj Mahal suke yi. Ya halatta? Akwai kuma wani kabari a Gwanzu da ake cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, abokaina na zuwa neman albarka.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Alhaji, zan fara da abin da ya hana ka barci. Musuluncinka yana nan. Faɗuwar gaban da ka ji a gaban gumakan nan ita kanta shaida ce cewa imani na raye a zuciyarka. Amma ba zan ɓoye maka ba, soka turare a kaskon nan ibada ce a wurin masu wannan addini, hadaya ce suke miƙa wa abin bautarsu, kuma haramun ce ga Musulmi ba tare da wani saɓani ba. Abin da ya sa ban hukunta ka da fita daga addini ba shi ne ka ce ba ka san ma'anar abin ba lokacin da ka aikata, kuma ba ka nufi girmama kowa ba. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Waƙidil Laisi cewa a hanyar Hunaini, wasu sababbin shiga Musulunci sun ga wata bishiya da mushrikai ke rataya makamansu a kanta don neman albarka, ana ce mata Zatu Anwaɗ, suka roƙi Annabi (SAW) ya sanya musu irinta. Ya yi tasbihi, ya ce maganarsu daidai take da ta Banu Isra'ila da suka ce wa Annabi Musa ya sanya musu abin bauta. Ya tsawatar ƙwarai, ya karantar da su, bai ce sun kafirta ba. To kai ma ka yi istigfari, ka maimaita kalmar shahada, ka ƙudurta ba za ka sake ba, ka rufe wannan babi. Kada ka bar shaiɗan ya mayar maka da shi waswasi. Sai dai ka sani, uzurin rashin sani ya ƙare daga yau. Wanda ya san ma'anar turaren, ko ya sa goshinsa ƙasa gaban gunki da gangan, ya faɗa cikin abin da malamai suka lissafa a ayyukan ridda, kuma kunyar abokin ciniki ba tilas ba ce a shari'a.

Sai batun zuwan kansa. A nan dole a rarrabe tsakanin abin da ido ke yi da abin da hannu da goshi ke yi.

Tafiya don ganin abin da mutanen da suka gabata suka bari, Alƙur'ani da kansa ya yi kira gare ta. Allah Ya ce a Suratur Rum, aya ta 42: "Ka ce ku yi tafiya a cikin ƙasa, ku duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, mafi yawansu sun kasance mushrikai." Dubi yadda ayar ta ambaci shirkarsu, amma ba ta hana duban kufansu ba. Wanda ya tsaya gaban Angkor Wat a Kambodiya, wanda sarki Suryavarman na biyu ya gina a ƙarni na 12 don bautar Vishnu, abin bautar mabiya Hindu, daga baya ya koma hannun mabiya Buddha, zai ga yadda ɗan Adam ke ƙarar da dukiya da ƙarfin dubban mutane wajen sassaƙa dutse, sannan mulkin ya wuce kamar ba a yi ba. Borobudur da ke tsibirin Jawa an gina shi tun ƙarni na 9, daga baya aka bar shi ciyayi da tokar dutse mai aman wuta suka rufe shi, yau kuma yana tsakiyar Indonesiya, ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya, kiran salla na tashi daga ƙauyukan da ke kewaye da shi. Mai hankali ba zai rasa wa'azi a nan ba. Malamanmu ma sun yi irin wannan bincike: Al-Biruni ya koyi harshen Sanskrit, ya rubuta bayanin aƙidun mutanen Indiya wajen shekarar 1030 miladiyya, ba wanda ya ce ya bar addini.

Amma da wace zuciya ake shiga? Lokacin da Annabi (SAW) ya bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka shekara ta 9 bayan hijira, ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka azabtar sai ana kuka, ya lulluɓe kansa ya ƙara sauri har ya wuce kwarin. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Gaskiya ne haikalan Asiya ba wuraren da azaba ta sauka ba ne, don haka hukuncin bai zama ɗaya ba, amma ladabin yana nan. Wurin da ake saɓa wa Allah da mafi girman saɓo ba wurin shewa da tsayawa ɗaukar hoto jingine da gunki ba ne. Abin yana damuna ƙwarai in ga ɗan Musulmi ya haɗa tafukansa a ƙirji gaban mutum-mutumin Buddha ya ɗora hoton a Facebook, wai wasa yake yi.

Shiga cikin ɗakin da gumakan suke, nan ne malamai suka yi saɓani, kuma asalin maganarsu a kan coci ne da majami'ar Yahudu. Bukhari ya kawo cewa Sayyidina Umar ya ce wa Kiristocin Sham: ba ma shiga cocinku saboda mutum-mutumin da ke ciki. Ya kuma kawo cewa Ibn Abbas yakan yi salla a coci in dai babu mutum-mutumi. A ɗaya ɓangaren, Ibn Ƙudama ya kawo labarin cewa a tafiyarsa ta Sham Umar ya ƙi zuwa walimar da aka shirya a coci, ya tura Sayyidina Ali da mutane, Ali ya shiga ya ci abinci yana kallon hotunan. Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba Annabi (SAW) labarin cocin da suka gani a Habasha da hotunan da ke cikinsa, ya zargi masu yin hotunan, bai zarge su a kan gani ba. Daga nan Hanafawa suka ce shigar makaruhi ce, wasu Shafi'awa suka haramta in akwai hotuna, Hambalawa da yawa suka halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya abin da aka fi yin magana a kai shi ne salla, kuma duk wanda ya karanta Risala ya san an hana salla a maƙabartar mushrikai da wuraren bautarsu.

Abin da na rinjayar shi ne: zagaya harabar wurin da duban gini don ilimi ko lura ya halatta. Shiga ɗakin gumakan makaruhi ne in babu wata buƙata, barinsa ya fi, domin haikalin gumaka ya fi coci nisa da tauhidi, kuma mala'ikun rahama ba sa shiga ɗakin da ke da mutum-mutumi. Ɗalibin tarihi ko mai nazarin addinai yana da buƙata, ya shiga. Wanda kuma ya san iliminsa kaɗan ne, zuciyarsa na saurin ɗaukar shubuha, shi kam haramun ne a kansa.

Ranar bikinsu kuwa babu zuwa ko kaɗan. Allah Ya yabi bayinSa a Suratul Furƙan da cewa ba sa halartar ƙarya, kuma magabata irin su Mujahid da Ibn Sirin sun fassara ta da bukukuwan mushrikai. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mutum ya yi bakancen yanka raƙuma a Buwana, Annabi (SAW) bai ba shi izini ba sai da ya tambaya ko akwai gunkin da aka taɓa bauta wa a wurin, ko wani idi nasu. Wannan ya shafi tafiyarku kai tsaye. Kogon Batu, kusa da Kuala Lumpur, dutse ne na halittar Allah mai ban mamaki, ana hawa matakala 272, amma a gindinsa akwai gunkin Murugan mai tsayin sama da mita 42, a cikinsa kuma wuraren bautar Hindu ne. A watan Janairu ko Fabrairu ake bikin Taipusam a can. Ku kauce wa wannan lokaci. In kun je a wasu ranakun, ka riƙe hannun yaranka, ka gaya musu da bakinka abin da suke gani da abin da ya sa mu ba ma yinsa. In ba za ka iya yi musu wannan bayani ba, kai su wani wurin.

Cire takalmi a ƙofa, rufe kai ko ɗaura zane a ƙugu, da biyan kuɗin shiga, duk dokar masu wuri ce, babu laifi. Jefa kuɗi a akwatin hadaya, kaɗa ƙararrawa, karɓar jan ɗigon da ake sa wa a goshi, cin abincin da aka ajiye gaban gunki, manna ganyen zinare a jikin Buddha kamar yadda ake yi a Tailan, sayen layunsu a matsayin tsaraba, waɗannan hannu ne ya shiga, ba su halatta ba. Akwai ɗaya da baƙi ke ɗauka wasa ne. A haikalan Sin za ka ga kofin gora cike da tsinkaye masu lamba, mutum ya durƙusa ya yi ta girgizawa har ɗaya ya faɗo, ya kai lambar a ba shi takardar da ke faɗa masa sa'arsa. A Senso-ji na Tokyo ma haka ake yi da gwangwanin ƙarfe. Wannan shi ne azlam, kibiyoyin duban sa'a da Suratul Ma'ida ta haramta, ba bambanci sai na suna.

In mutumin naka ya sake miƙo maka turare, ka yi murmushi ka sa hannu a ƙirji ka ce addininka bai yarda ba, za ka jira shi a waje. Ba zagi, ba tofar da yawu, ba yi wa gumakansu ba'a, domin Allah Ya hana zagin abin da suke bauta wa a Suratul An'am, aya ta 108, Ya kuma halatta kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Taj Mahal ba haikali ba ne. Hubbare ne da sarki Shah Jahan ya gina a Agra a kan kabarin matarsa Mumtaz Mahal, wadda ta rasu a 1631, kuma akwai masallaci a gefensa. Ku je, ku yi wa mamatan sallama da addu'a kamar kowane Musulmi, tare da sanin cewa irin wannan gini a kan kabari ba koyarwar Annabi (SAW) ba ce. Ranar Juma'a a rufe yake ga masu yawon buɗe ido. In hanya ta bi da ku hubbaren Shaihu Mu'inuddin Cishti a Ajmer ko na Nizamuddin a Delhi, ziyara ta shari'a ita ce sallama da addu'a da tuna lahira. Sujada ga kabari, kewaya shi, ɗaura zare a tagoginsa da roƙon mamaci biyan buƙata, ba ruwanku da su ko da kun ga jama'a na yi.

Kabarin Gwanzu kuwa, abin da malaman tarihi suka tabbatar shi ne Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (RA) ya rasu a gidansa da ke Aƙiƙ kusa da Madina wajen shekara ta 55 bayan hijira, aka ɗauko shi a kafaɗu aka binne shi a Baƙi'a. Danganta masa wancan kabari labari ne da ya shahara a wurin Musulmin Sin, ba shi da isnadi. Maƙabarta ce ta Musulmin farko a garin, sun cancanci sallama da addu'a, ka gaya wa abokanka su tsaya a nan. Masallacin Huaisheng da ke garin yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin, ka yi sallarka a ciki in lokaci ya riske ka, ba tare da ƙudurta cewa yana da wani lada na musamman ba, domin masallatai uku kaɗai ake ɗaura sirdi dominsu: na Makka, na Madina da na Ƙudus.

Wallahu a'alam.